Zaman tsaron waya a Zangon Kumasi: a intanet ko a makaranta?

Ɗan_Sawaba:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Shawara nake nema. Tun bayan babbar Sallah da wuya mako ya wuce ba a ce an ƙwace WhatsApp ɗin wani a cikinmu ba, ko an kwashe wa wata baiwar Allah kuɗin MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Mu kuma abin da muke yi bai wuce "Allah ya mayar da alheri" ba, sai wani ya turo dogon gargaɗi da Turanci wanda ba mai karantawa, shi ke nan sai an sake cutar wani. Ina ganin ya kamata mu ware lokaci, ko da sau ɗaya ne a mako, mu riƙa tattauna tsaron waya da kwamfuta da Hausa, a tsare. A intanet za mu zauna ko ido da ido? Wa zai ja ragama? Kuma akwai abin da bai kamata a faɗa a irin wannan zama ba?

Baba_Asawase:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, yaro. Mun daɗe muna jiran wanda zai ɗauko maganar nan.

Magajiyar_Aboabo:
Ɗana, na goyi baya, amma ka ji tawa tun kafin a yi nisa. Waɗanda aka fi cuta ba su ne ke nan suna rubutu ba. Mata ne masu sayar da shinkafa da wake, masu koko da ƙosai, masu ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia, da tsofaffin da 'ya'yansu ke turo musu kuɗi daga waje. Da yawansu ƙaramar waya ce mai maɓalli a hannunsu, babu WhatsApp babu komai, amma duk jarinsu yana cikin layin nan. In kuka zauna a intanet kuna ta rubutu, kanku kawai kuka koyar. A adashinmu, mata masu iya karanta saƙon da ya shigo wayarsu ba su kai rabi ba. Sauran sai su miƙa wa duk wanda ke kusa ya karanta musu.

Ɗan_Tek:
Yaya Ɗan_Sawaba, kafin ma a zo kan wa zai jagoranta, akwai ɓarakar da sai mun toshe. Sanarwar taro a intanet ita ce tarkon da ɓarayin nan suka fi kama mutane da shi yanzu. Mutum zai shigo zauren WhatsApp irin namu, ya kwashi lambobi, ya duba sunaye da hotuna. Sai ya sa lambarka a WhatsApp na wayarsa, kamar kai ne ka sayi sabuwar waya. Nan take WhatsApp zai aiko da alƙaluma 6 zuwa layinka ta saƙon tes. A daidai lokacin sai ya kira ka, ya yi sallama, ya ambaci sunanka da sunan ƙungiyarku, ya ce yau da daddare akwai taron bidiyo a manhajar Zoom, an turo maka lambar shiga, ka karanto masa ya yi maka rajista. Kana gama karantowa, WhatsApp ɗinka ya bar wayarka ya koma tasa. Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasar Ghana ta sha yin gargaɗi kan wannan salo. To ku duba: ranar da muka sanar za mu fara taro a intanet, mun share musu hanya ke nan, don kowa zai zauna yana jiran kira. Sharaɗin farko da nake so a rubuta shi ne, zamanmu ba shi da lambar shiga, kuma ba wanda zai kira ka a kansa.

Hajiya_Tafo:
Wallahi haka aka yi wa ƙanwata, sai dai ita ba Zoom aka ce mata ba. Cewa aka yi za a yi addu'ar arba'in ta wata 'yar ƙungiyarsu, ana haɗa sunayen masu gudummawa. Hausa raɗau yake yi, har da "Hajiya, ya ƙarin haƙuri". Kafin la'asar ya bi mutanen cikin wayarta ɗaya bayan ɗaya, wai tana asibiti da yaro, MoMo ɗinta ya ƙi aiki, a tura ta wata lamba. Yayanmu da ke Italiya ya tura sidi 2,000 bai ko kira ta ya ji muryarta ba. Abin da ya fi kuɗin ciwo, har yau kunya take ji, ko biki ta daina fita.

Abu_Pragya:
To in an riga an ƙwace fa? Sai mutum ya sayi sabon layi?

Ɗan_Tek:
A'a, Abu, kar ka yar da layinka. Muddin sim ɗin na hannunka, kai ke da ƙarfi. Ka sake sa lambarka a WhatsApp, sabbin alƙaluma 6 za su zo wayarka, kana shigar da su shi za a fitar. Inda matsala take, ɓarawon yakan yi sauri ya sa makulli na biyu, wato lambar sirrin tabbatarwa ta mataki biyu. In ya sa, kana iya jiran kwana 7 kafin ka shiga ba tare da ita ba, amma dai shi ya fita tun lokacin da ka shigar da lambar tes. Shi ya sa nake roƙon kowa ya sa wannan makulli da kansa yau, yana cikin saitin asusu, ka haɗa da adireshin imel saboda mantuwa. Wanda ya sa shi, ko da ya karanto wa ɓarawo alƙaluman, ɓarawon ba zai wuce ƙofa ta biyu ba. Kuma a riƙa leƙa wurin na'urorin da aka haɗa, in ka ga kwamfutar da ba ka sani ba, ka cire ta.

Mai_MoMo_Alabar:
Bari in faɗi abin da nake gani a rumfa kullum, don maganar Magajiya gaskiya ce. Mma za ta zo cire kuɗi, ta miƙo min wayar, ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi, mutum biyar na tsaye a bayanta suna ji. In na ce "Mma, ke za ki danna da hannunki", sai ta ga kamar wulaƙanci nake yi. Kuma lambar ba ta wuce shekarar haihuwa ko 1234. Na biyu, saƙon ƙarya. Za a turo tes wai kuɗi sun shigo, sidi 500 ko 800, sai a kira da muryar kuka, wai kuskure ne, kuɗin makarantar yara ne, don Allah a mayar. Mutanenmu masu tsoron Allah ne, ba sa son cin haram, sai su zo da gudu in taya su mayarwa. Ni kuwa abu na farko da nake yi shi ne in duba daga ina saƙon ya fito. In lambar mutum ce zalla a sama, ƙarya ne. Sannan mu duba abin da ke cikin asusun, sai a ga ko kwabo bai ƙaru ba. Na uku ya fi muni: saƙo ya faɗo a fuskar waya yana neman lambar sirri alhali ba ka sayi komai ba, mai kira kuma yana ce maka danna don a gyara maka layi. Dannawar nan ita ce amincewa a cire kuɗinka.

Uwar_Biyu:
Ni kuma an turo min cewa akwai wata lamba, da zarar ka ɗaga kiranta kuɗinka sun tafi. Na tura wa 'yan gidanmu duka. Ku yi hankali.

Mai_MoMo_Alabar:
Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba haka ba ne. Ɗaga kira kaɗai ba ya fitar da kuɗi. Sai kin faɗi lambar sirri ko kin danna ta da hannunki. Irin waɗannan saƙonni suna sa mutum ya ji tsoron abin da ba shi ne ba, ya saki jiki da wanda zai cuce shi.

Ɗan_Sawaba:
Na gode Hajiya da kika kawo shi, don ga misalin abin da nake nufi a gabanmu. Da babu wanda ya sani a nan, da ya wuce a matsayin gaskiya. Kenan sharaɗi na biyu: duk gargaɗin da aka turo daga waje, a fara kai wa masu kula da zauren su tantance.

Ɗan_Nima:
Ina gaishe ku daga Accra. Mu mun gwada irin wannan a unguwarmu, bari in ba ku labari don kar ku faɗa inda muka faɗa. Mun buɗe zaure, muka watsa mahaɗin shiga a Facebook don jama'a su amfana. Makon farko lafiya lau. Daga nan sai tallar waya da takalma, sai gardamar siyasa, sai gaisuwar Juma'a mai furanni da ta binne duk wani bayani mai amfani. Ƙarshe ma sai muka gano wasu cikin waɗanda suka shigo su ne masu kiran mutane. Shawarata, kar ku watsa mahaɗi. Ku kunna wurin da sai mai kula ya amince kafin a shiga, kuma duk sabon shiga sai wani sananne ya tsaya masa. Tsohon mahaɗin da ya riga ya yawata ku sabunta shi, na da ya mutu.

Sarkin_Ataya:
Ni abin da nake so shi ne a riƙa buga lambobin ɓarayin nan a fili, da sunan da ya fito a MoMo. A tona musu asiri kowa ya gani. Lallashi ya isa haka.

Lauya_Ƙarami:
Yaya, na fahimci zafin, amma ban yarda ba. Sunan da ke fitowa sau da yawa ba na ɓarawon ba ne. Tun da aka fara sake rajistar layuka da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, a watan Oktoba na 2021, sun koma amfani da katin wasu. Akwai wanda aka yi wa rajistar layi da katinsa bai sani ba, akwai tsohuwar da aka ba 'yan kuɗi ta ba da nata. Ka buga sunanta a matsayin ɓarauniya, gobe samari su je ƙofar gidanta, wa zai ɗauki alhakin? Kuma ɓata suna ne, ana iya kai ka ƙara. Hanyar da doka ta tanada tana nan. Dokar tsaron intanet ta 2020, mai lamba 1038, ita ta kafa hukumar da Ɗan_Tek ya ambata, kuma suna da gajeriyar lamba 292, ana kira ana kuma tura tes. Sannan ka kai rahoto ga kamfanin layinka da gaggawa, don in an yi sauri akan iya riƙe kuɗin kafin a cire. Wanda kuma ke son sanin layuka nawa ke kan katinsa, ya danna *402# ya bi matakan.

Sarkin_Ataya:
Rahoto? Ni na kai rahoto lokacin da aka ci na matata. Na je ofis, na cike takarda, aka ce in jira kira. Har yau ina jira. Ku masu boko kullum sai ku ce a bi doka.

Lauya_Ƙarami:
Ban ce kowa ke samun kuɗinsa ba, Yaya, da yawa ba sa samu. Amma lambar da mutum goma suka kai ƙararta ta fi saurin rufuwa a kan wadda aka zaga a zaure aka bari. Mu tara rahotannin mu kai tare, ya fi kowa ya je shi kaɗai.

Baba_Asawase:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo, ni zan taɓo shi tunda na girme ku. Mai kiran ƙanwar Hajiya Hausa yake yi. Ya san addu'ar arba'in, ya san yadda ake gaisuwar mutuwa. Ba daga sama ya faɗo ba. Wasu 'ya'yanmu ne, muna ganinsu da manyan wayoyi ba sana'a, iyaye sun yi shiru don ana kawo cefane. In za a yi zaman nan a bar wannan, an bar rabin magana.

Ɗan_Akwatia_Line:
Baba, da girmanka, amma a yi mana adalci. Duk abin da ya faru a garin nan sai a ce yaran Zango, 'yan sakawa, wato masu damfarar intanet. Mun gaji da wannan tambari. Masu damfarar nan suna kira da Twi, suna kira da Turanci, kowace ƙabila akwai su. Mu da muke fita tun asuba muna neman halak, in ka je neman aiki ka ce daga Aboabo kake sai a sake kallonka.

Baba_Asawase:
Ban ce ku duka ba, ɗana, kuma ba a gaban baƙi na faɗa ba. A cikin gida muke.

Ustaz_Sabon_Zango:
Dukanku kuna da gaskiya. Ni abin da ke damuna daban ne. Bayanin da Ɗan_Tek ya yi dalla-dalla, in yaro mai mugun nufi ya karanta, ba mun koya masa sana'ar ba ke nan? Ina ganin a tsaya a kan "kar ka ba kowa lamba", ba sai an warware yadda ake yi ba.

Ɗan_Tek:
Malam, Allah ya gafarta, masu yi sun riga sun sani, a tsakaninsu suke koya wa juna. Wanda bai sani ba shi ne wanda ake cuta. An daɗe ana cewa "kar ka ba kowa lambar sirrinka", amma ƙanwar Hajiya ba ta ɗauka lambar sirri take bayarwa ba, ita a saninta sunanta ake sawa a jerin gudummawa. Sai mutum ya ji yadda kiran yake tun daga sallama har ƙarshe sannan zai gane shi in ya zo. Inda na yarda da kai, ba za mu koyar da yadda ake kutse cikin na'urar wani ba, kuma duk wanda ya zo yana tambayar yadda zai leƙa wayar matarsa ko ta budurwarsa, a ce masa ba nan ba ne.

Mai_Gyara_PZ:
Tunda an zo nan, ga tawa daga rumfar gyaran waya a Adum. Mutum zai kawo gyaran fuskar waya, ya ba ni lambar buɗewa ban tambaya ba, ya tafi Kejetia sai yamma. Hotunan iyalinsa, saƙon banki, komai a buɗe. Canza fuska ba ya bukatar a bar mana lambar, in za a gwada a gwada a gabanka. Ka cire sim da katin ajiya kafin ka miƙa. Masu sayar da tsohuwar waya kuma, rabinsu ba sa gogewa, imel ɗinsu na ciki. Sai kuma wannan WhatsApp na jabu da samari ke so don ganin saƙon da aka goge. Ba daga kamfanin yake ba, ba ka san wa ya haɗa shi ba, kuma ana rufe wa mutum lamba a kansa. In za a yi zama ido da ido, ni zan zo da kaina in duba wayoyin iyayenmu kyauta.

Malamar_Islamiyya:
Allah ya saka, Mai_Gyara. Ni zan iya neman izinin aji ɗaya a makarantarmu bayan an tashi yara. Amma ina da roƙo. Akwai abin da 'yan mata ba za su taɓa faɗa a gaban maza ba, ko a intanet ko a aji. Yarinya ta yarda da wani ta tura hoto, daga baya ya ce ko ta turo kuɗi ko ya watsa. Na san waɗanda suka sayar da kayansu suna biya a ɓoye, kuma biya ba ya sa ya daina, ƙara nema yake yi. Ba su san cewa dokar da Lauya ya ambata ta mai da wannan barazana laifi ba, haka ma watsa hoton tsiraicin mutum ba da yardarsa ba. Dole a yi zaman mata zalla, mace ta jagoranta.

Magajiyar_Aboabo:
Malama ta gama magana. Kuma ku dubi abin da Hajiya_Tafo ta ce game da kunya. Mace in an cuce ta, tsoronta kar miji ya ji, kar kishiya ta ji, kar a ce wawta ce. Shi ya sa salo ɗaya zai ci mutum biyar a layi ɗaya ba wadda ta gaya wa 'yar'uwarta. A samu mutum biyu amintattu, mace da namiji, wanda abin ya same shi ya kai musu, su kuma su ba da labarin ba suna ba unguwa.

Bahaushen_Hamburg:
Mu na waje kar a manta da mu, don mu ne ake yi wa kiran "Mma na asibiti". In an koma aji kaɗai, mun fita ke nan. Ni dai a gidanmu mun yi yarjejeniya, duk wanda ya nemi kuɗi ta rubutu, sai an kira shi ta bidiyo an ga fuskarsa, ko da uwata ce. Da farko ta ji haushi, yanzu ita ke tuna min.

Abu_Pragya:
Taron bidiyo yana cin data fa. Ga wuta in ta ɗauke, wayar ma mutuwa take. Ni ba zan iya awa guda a Zoom ba.

Ɗan_Sawaba:
To bari in haɗa abin da na ji, a gyara min. Ba Zoom. Kowace Asabar bayan isha'i a rufe rubutu na ɗan lokaci, mutum ɗaya ya yi saƙon murya da Hausa, kar ya wuce minti uku, a kan abu guda tak. Sannan a buɗe a yi tambayoyi. Saƙon muryar kowa na iya kunna wa mahaifiyarsa, Magajiya ta kunna a wurin adashi, na Jamus ma ya ji a lokacinsa. Sau ɗaya a wata kuma a haɗu a makaranta da wayoyi a hannu. Watan Oktoba shi ne watan wayar da kai kan tsaron intanet a ƙasar nan, muna iya rubuta wa hukumar mu nemi su turo mana mai bayani. In abin ya kafu, mu nemi fili a gidan rediyon Zuria.

Ɗan_Nima:
Tsarin ya yi, amma masu kula su fara da kansu. In aka ƙwace lambar mai kula ɗaya, ɓarawo ya zama shi ne mai zauren, ya cire sauran. Kar a ba kowa wannan matsayi sai an ga makullinsa na biyu a kunne, ido da ido.

Ustaz_Sabon_Zango:
Ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta da warware salon a saƙon murya ba, don murya tana yawo inda ba ku zata ba. A aji na yarda. Amma zan yi magana da limaminmu ko zai saka batun a huɗuba, har da ɓangaren da Baba ya kawo.

Sarkin_Ataya:
Su waye amintattun biyun da za a riƙa kai wa sirri? Don in aka sa wanda bakinsa ba ya rufuwa, gara ma a buga a fili kamar yadda na ce.

Hajiya_Tafo:
Ni na ba da sunan Malama a ɓangaren mata, in ta yarda.

Malamar_Islamiyya:
Sai na shawarci maigida tukuna, Hajiya. Kuma Asabar da dare ba zai yi wa mata da yawa ba, ranar biki ce, wasu ba sa dawowa gida sai goma ta wuce.

Baba_Asawase:
Kafin a shiga makarantar mutane da taro, a je a gaida mai unguwa a sanar da shi. Ɗan_Sawaba, ka same ni masallaci gobe bayan azahar mu tafi tare.

Uwar_Biyu:
Don Allah wani ya yi min bayanin makullin nan na biyu da murya. Na shiga saitin ban gan shi ba, kuma wayar yarona ce ke da imel, tawa babu.